RANAR DA MOTAR JAM'IYYA TA ƘI TASHI



Edita ya daɗe yana bin mu bashin takarda, mu 'yan kwamitin mota, mu kuwa muna ta yi masa hanya-hanya. Yau dai mun zauna mun biya, ko da ya ke abin da za mu faɗa ba na yabon kai ba ne. Da yawa cikinku sun ji rabin labarin nan a ƙofar masallaci ko wurin mai koko. To, gara ku ji shi ɗungum daga bakin waɗanda suka yi ɓarnar.

Kowa a unguwar nan ya san farar bas ɗin jam'iyya. Karo-karo muka yi muka saye ta. Mahauta suka ba da nasu, 'yan goro suka ba da nasu, mata masu sayar da shinkafa da wake suka kwance bakin zane, 'yan'uwanmu da ke Jamus da Amurka suka cika sauran. Ba sabuwa ba ce, ta ci zamaninta a Turai kafin ta sauka Tema. Injin fetur gare ta, da giya ta hannu. Aikinta biyu ne tak, watau ɗaukar gawa zuwa maƙabartar Tafo, da kai marar lafiya asibiti in dare ya yi. Dattawa ba su manta da yadda a ke yi dā ba, gawa tana kwance a zaure an yi mata sutura, mutane suna bakin titi suna ciniki da mai torotoro. Don kada a sake ganin haka muka sayi motar.

Muka ba wani yaro ɗan unguwa makulli. Maraya ne, uwarsa ce mai tuyar ƙosai a bakin hanya. Abin da mu ke ba shi a wata bai isa a kira shi albashi ba, amma ko ƙarfe biyun dare aka buga masa waya zai fito yana murza ido. Shekara huɗu yana riƙe da ita, ba wanda ya taɓa kawo ƙararsa.

Cikin daminar da ta wuce, wata ranar Alhamis, Allah ya yi wa wata tsohuwa ta bayan masallaci rasuwa. Aka yi mata wanka, aka sallace ta bayan azahar, aka sa makara cikin mota. Hadari kuwa ya haɗo baƙi ƙirin. Yaro ya shiga ya murɗa makulli, sai muka ji ƙat! Shi ke nan. Ya sake murɗawa, ƙat! 'Ya'yan mamaciya suna kallonmu, mu muna kallon ƙasa. Liman ya ce a tura. Haka dattawa suka naɗe manyan riguna suka sa kafaɗa, aka tura mota da gawa a ciki, cikin taɓo, har gangaren kasuwa. Yaro ya saki kuloci a giya ta biyu, ta yi tari ta kama. A Tafo ya kashe inji don kada ƙara ta dami masu addu'a, da aka gama binnewa kuma sai da aka sake turi, ruwa yana zuba. Wanda bai taɓa tura gawar uwar wani cikin taɓo ba, ba zai gane irin kunyar da muka komo da ita ba.

Kunya kuwa in ta yi wa taro yawa, sai ta nemi wanda za ta hau. Bayan magariba muka zauna. Ma'aji ya tashi ya ce wata biyu ke nan da ya fitar da kuɗin sabon batir, ga rasit a hannunsa, ta yaya sabon batir zai mutu cikin wata biyu? Wani ya ce ai ranar Talata ya ga yaron a hanyar Magazin da batir ɗaure a bayan babur. Wani ya ce takardar da ke manne a jikin batir ɗin ma ta ɗaye. Kafin a kira lisha mun gama shari'a: ya sayar da sabo ya sa tsoho. Sa'an nan ne muka aika a kira shi. Ya durƙusa ya ce wa shugaba, "Baba, wallahi batir ɗin da kuka saya ne. Na kai shi Magazin ne a auna mini, don tun makon jiya ta ke yi mini gardama da safe." Ba wanda ya saurare shi. Shugaba ya miƙa hannu, yaro ya ajiye makulli a kan tabarma ya fita. Mu da mu ke rubuta wannan muna wurin. Ba mu muka ce a karɓa ba, amma bakinmu bai buɗe ya ce a dakata ba. Kafin hantsin Jumma'a labari ya kai wurin tuyar uwarsa.

Ranar Asabar muka aro batir daga motar wani alhaji, wadda ke tashi bugu ɗaya, muka ɗaura wa tamu. Ƙat! Da muna da hankali da nan idonmu ya buɗe. Sai muka ce, ai ka ji, yaron ya lalata sitata ma. Muka kira wani saurayi mai gyara, ya zo da 'yar na'urarsa ya soka a ƙarƙashin sitiyari. Irin wannan kafa an tilasta sa ta cikin motocin Amurka tun 1996, da motocin fetur na Turai tun 2001, don kwamfutar mota ta riƙa faɗin abin da ke damunta. Na'ura ta ce ba ta ga kome ba. Ba ƙarya ta yi ba kuwa, kwamfuta tana ba da labarin abin da ta ke gadi ne kawai. Saurayi ya sosa ƙeya ya ce a sayi sabuwar sitata, ya faɗi kuɗin da ya fi abin da ke cikin akwatin jam'iyya. Har wani cikinmu, ba za mu faɗi sunansa ba, ya fara cewa motar da ke ɗaukar gawa ba ta rasa abin da ke bin ta, a nemi turare. Liman ya kwaɓe shi.

Ana cikin haka sai ladan ya ce a kira Baba fita. Samari da yawa ba su san shi da wani aiki ba sai zama a gindin mangwaro da tasbaha. To, ku sani wannan tsoho ya shiga koyon gyara tun yana yaro, ba da daɗewa ba bayan an tashi masu gyara daga tsakiyar Kumasi an kai su Suame a 1962. Sunan Magazin ɗin ma daga ma'ajiyar makaman soja ta zamanin Turawa ya samo asali, inda masu gyara suka fara taruwa. Can ya tsufa, har idonsa ya raunana ya bar wa yaransa rumfa. Ya zo yana dogara sanda, jikansa yana riƙe da jaka. Cikin jakar ba kome sai sifana uku, da 'yar mita ta auna wuta, da wata waya mai kauri mai baki biyu.

Bai ko dubi motar ba. Ya ce, "Ina direbanta?" Muka yi shiru. Ya ce, "Alhaji, in an kai jariri wurin likita, uwarsa a ke tambaya. Ku kira mini shi." Aka je aka zo da yaro, ya tsaya can nesa ya harɗe hannu. Baba ya ce, "Matso, ɗana. Yaushe ta ke ƙi, da safe ko in ta yi zafi?" Ya ce da safe, balle in an yi ruwa da dare ko an wanke ta. In ta yi tafiya ta gasu, tana tashi. Ya ƙara da cewa wata rana da ya matsa mata da makulli, ya taɓa wayar totur ya ji ta da zafi, ya rasa dalili. Baba ya gyaɗa kai kawai. Mu kuwa da muka zauna awa biyu muna shari'a, ko ɗaya cikin tambayoyin nan ba mu yi ba.

Sa'an nan ya juyo wurin samarin da suka kewaye mu. Ya ce kowa ya ce "mota ta ƙi tashi" bai faɗi kome ba tukuna, kamar wanda ya ce wa likita "ba ni da lafiya" ne. Abin da a ke fara rarrabewa shi ne, inji yana juyawa ko ba ya juyawa? Kunne ke ba da wannan amsa, kyauta. In ka murɗa makulli ka ji shiru, ko fitilar gaban direba ba ta kama ba, wuta ba ta fita daga batir ke nan, ka dubi kawunansa da fis. In ka ji ƙat-ƙat-ƙat da sauri kamar kaza tana tsattsagar faranti, galibi batir ne ya yi rauni ko kawunansa suka yi gishiri. In ka ji inji yana juyawa da ƙyar kamar tsoho zai tashi daga tabarma, shi ma haka. Amma ƙat guda ɗaya mai ƙarfi, wannan maganarsa dabam ce.

Ya ce wa yaro ya kunna manyan fitilu, ya ce mana mu tsaya gaban mota mu zuba ido. Yaro ya murɗa makulli. Ƙat! Fitilu suna nan tar, ko ƙiftawa ba su yi ba. Baba ya ce, "Kun gani? Da batir ne ya mutu, da sitata ta ja wuta sai fitilun nan su dushe su koma ja. Batir ɗinku ba a ma tambaye shi aiki ba." Ya sa jikansa ya ɗora mita a kawunan batir, don shi ba ya ganin ƙananan lambobi. Jika ya karanta 12.6. Baba ya ce bolt 12.6 shi ne cikakken batir mai lafiya. In ya sauka 12 ya kusa ƙarewa, in kuma ana tayar da inji ya faɗi ƙasa da 10 ko kusa da haka, ya gaji. Aka sake murɗa makulli, lamba da ƙyar ta motsa. Ma'aji ya fara share gumi, ga shi kuwa gari da sanyi.

Ga bayanin da ya yi mana, mun rubuta shi a ranar don kada ya ɓace. Wutar batir fatake ce, in ta fita dole ta komo gida. Tana fita ta jar waya zuwa sitata, amma masu ƙera mota ba su ja mata wata doguwar waya ta komowa ba, ƙarfen inji da na jikin mota su ne hanya. Inji kuwa a kan roba ya ke zaune, saboda haka akwai wata gajeriyar waya saƙaƙƙiya mai kauri da ta haɗa shi da jikin mota, masu gyara suna ce mata at. Babbar fitila guda ba ta jan abin da ya wuce amfa 5. Sitata tana jan 150, ko 200, ko fiye. Ya ce ruɓaɓɓiyar gada takan ƙetarar da akuya lafiya, sai ranar da jaki ya hau ta da kayan goro a ke sanin ta ruɓe. Dattawan da kakanninsu suka bi hanyar Salaga suka yi dariya, su kaɗai.

Ya ce wa jika ya sa baki ɗaya na mita a baƙin kan batir, ɗaya a jikin inji. In hanya tana da kyau, ko ana murɗa makulli bai kamata a ga abin da ya kai rabin bolt ba. Aka murɗa. Jika ya ce, "Kaka, ya wuce 6." Sai tsoho ya ɗauko wayar nan tasa mai baki biyu, ya maƙala ɗaya a baƙin kan batir, ɗaya a wani ƙarfe mai tsabta a jikin inji. Ya ce, "Ɗana, buga." Kai jama'a! Bugu ɗaya ta tashi, har tsuntsayen kan mangwaro suka watse. Yaro ya shiga ƙarƙashi da tocila, ya fito da at ɗin a hannu. Ta yi kore, ta yi tsatsa, silin da ya rage a jikinta bai fi biyar ko shida ba, noti kuma ya ci ƙasa. Shi ya sa wutar da ta rasa hanya ta ke bin wayar totur tana gasa ta. Shi ya sa kuma turi ya ke yi, domin mai turi ya ɗauke wa sitata aikinta, abin da fulogi ke nema kuwa kaɗan ne, ya samu ya lallaɓa ya wuce. Sabuwar at da 'yar sanfefa da giris, duka kuɗinsu bai kai na cefanen yini guda ba.

Baba bai bar mu haka ba. Ya ce wa ma'aji ya fito da rasit. A jikin batir ɗin akwai lamba da aka buga cikin robar kanta, ruwa ba ya ɗaye ta. Jika ya karanta ta jikin batir, magatakarda ya karanta ta takardar garanti da ke haɗe da rasit. Harafi da harafi, ɗaya ce.

Ba mu san yadda za mu kwatanta muku shirun da aka yi ba. Abin da ya fi ciwo shi ne wanda magatakarda ya tono da dare cikin littafin taro. Sau uku cikin shekarar yaron ya nemi kuɗin kai mota a duba ta, sau uku muka rubuta "a dakata sai wata mai zuwa". Mu ne kuma muka kafa doka a wanke ta ciki da ƙarƙashi da ruwa da sabulu duk ranar da ta ɗauki gawa, mu ne muka zaɓa mata wurin kwana a bakin lambatu inda ƙasa ba ta bushewa. Wankin ba laifi ba ne, har gobe ana yi. Amma da an bar mai gyara ya leƙa ƙarƙashinta sau ɗaya, da ya ga koren nan.

Samari suka ƙi barin tsohon ya tafi, suka kawo masa benci da shayi. Wani ya ce, "Baba, to in inji yana juyawa sosai amma bai kama ba fa?" Ya ce a nan batir da sitata sun fita daga zargi, kada ka yi ta murɗawa har ka kashe su. In ka yi daƙiƙa goma ka saki, ka bar sitata ta huce. Injin fetur yana neman mai, da iska, da tartsatsi a daidai lokacinsa, da matsi. Fara da abin da ba ya cin kuɗi. Akwai mai a tanki? Ya ce ya sha zuwa har Ejisu gyaran motar da allurarta ta yi ƙarya. Sa'an nan ka murɗa makulli rabi ka kasa kunne wajen tanki, motar zamani famfonta yakan yi ɗan gunji kamar daƙiƙa biyu. In shiru ne, dubi fis ɗinsa tukuna kafin ka zagi famfo. In mai yana zuwa, nemi tartsatsi: a zare fulogi, a mayar masa da wayarsa, a jingina ƙarfensa da jikin inji, wani ya buga. Shuɗin tartsatsi a ke so. Amma kada ka riƙe da hannu, wutar nan ta kai bolt dubu ashirin ko fiye. In kuwa fulogi ya fito jiƙe yana warin fetur, mai ya yi yawa ne ko wuta ba ta zuwa.

Ya ce akwai sautin da ba ya son ji, watau inji ya riƙa juyawa da sauri sakayau kamar keken ɗinki. Sau da yawa bel ɗin da ke daidaita lokacin bawul ne ya tsinke, matsi ya tafi, sai ka cire hannunka daga makulli ka kira mai gyara. Ya ce kuma a nan ne na'urar saurayin nan ta ke da rana, kada mu raina ta. Akwai wani ɗan ƙaramin abu da ke gaya wa kwamfuta cewa inji yana juyawa, in ya mutu ba mai ba tartsatsi, kunne kuma ba ya jin wannan. Haka makullin zamani, akwai ɗan ƙwayar lantarki a kansa, wanda aka yanka a kasuwa zai buɗe ƙofa, amma motar ba za ta amince da shi ba. Injin dizal bai daɗe a kansa ba, ya ce shi ba ruwansa da tartsatsi, matsi ke kunna shi, abokan gabarsa su ne iska cikin hanyar mai da rariyar da ta toshe.

Ya ja kunnen samari a kan batir. In za ka kwance, fara da baƙin kai, in za ka ɗaura, shi ne na ƙarshe. Kada a kusance shi da taba ko ashana, yana fitar da iska mai kama wuta. Mota mai giyar otomatik ba a tura ta. Daga nan hira ta koma kan tsofaffin lorin Bedford masu jikin katako, da ƙarfen da yaron mota ke sokawa a gaba yana juyawa, wanda in inji ya yi tutsu ya kan karya hannu. Wani ɗan makaranta ya ce a 1912 aka fara sa sitata mai lantarki cikin motar Cadillac a Amurka, aikin wani Charles Kettering. Baba ya ce to labarin ya daɗe a hanya kafin ya iso Kejetia, ya nuna mana wuyan hannunsa na dama.

Ranar Lahadi da la'asar muka tafi gidan uwar yaron, shugaba da ma'aji da liman da mu. Mun tarar ta rage ƙullu, don wasu sun daina saye a wurinta. Shugaba, mutum mai shekara saba'in, ya cire hula ya ce, "Inna, mun zo neman gafara, mun ci amanar ɗanki." Ta ce ta yafe, amma ba ta ɗago kai ba. Ranar Jumma'a liman ya faɗi gaskiyar magana a gaban jama'a, da bakinsa, ba a ɓoye kome ba. Sai dai cikin waɗanda suka ji labarin farko akwai waɗanda ba sa zuwa masallacinmu, don su ma muka rubuta wannan.

Muka mayar wa yaro makulli. Ya karɓa da hannu biyu, ya juya shi, ya mayar wa shugaba. Ya ce, "Baba, na yafe muku har ga Allah. Amma na riga na ba wani alkawari." Yanzu yana jan babbar mota tsakanin Kumasi da Tamale. In ya shigo gari yana gaishe mu, ranar nan ma ya tsaya ya leƙa ƙarƙashin bas ɗin ya ce giris ya fara bushewa.

Motar tana tashi bugu ɗaya. An gina mata rumfa a kan tudu bayan makarantar allo, an kuma ware kuɗin dubawa duk wata uku, ma'aji da kansa ya kawo shawarar. Amma har yau ba ta da direba na dindindin, in an yi rasuwa sai mu bi gida gida muna roƙon wanda ya iya tuƙi. Samari biyu da muka yi wa magana sun ce za su yi shawara, ba su komo ba, mun kuwa san dalili. Duk mai lasisi da ke ganin zai iya zama da mu, ya nemi magatakarda a ofishin jam'iyya bayan sallar la'asar. Wasalam.